Awara a Gidan Mahauci

"Lafiya lau, Shitu, gajiya ta bi lafiya. Au, ashe da sauran numfashinka! Ni da na baro Ijora da shirin zaman makoki."

"Lami! Wa ya bar ƙofar nan a buɗe? Ban ce a riƙa sakaya ta ba saboda awakin unguwa?"

Duk faɗin Agege mutum ɗaya ce ke kiran Alhaji Shitu da sunansa haka gatsau, ba Alhaji ba oga, kuma ta kwana lafiya. Hajiya Fatu ke nan, 'yar kawunsa, taubashiyarsa tun suna yara a Kano. Shekara talatin da biyar Alhaji yana fawa a kwata, in ya yi gyaran murya manyan mahauta ma kan shiga taitayinsu. Sati biyu da suka wuce jiri ya kwashe shi ya zube ana tsakiyar fiɗa. Likita ya ce hawan jini ne, ga sukari ya fara leƙowa. Ya hana shi kitse, ya ce a rage gishiri da magi, a kuma yi sallama da shayi mai kauri da burodin Agege.

Matarsa Lami, baiwar Allah, tsoro ya sa ta cire komai da komai. Miyar da take kawo masa ruwan zafi ce da aka nuna wa kuɓewa daga nesa. Alhaji ya daure kwana goma sha ɗaya, sannan ya ture kwano. Yau kwana uku ke nan ba abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwa, maganin da likita ya ba shi kuma an ce ba a shan sa ciki wayam. Lami ba ta isa ta yi masa musu ba, 'ya'yansa kuwa ko ido ba sa iya haɗawa da shi. Shi ya sa jiya ta hau danfo, motar hayar Legas, har Ijora, ta zauna gaban Fatu tana kuka.

Fatu ta dube shi zaune kan tabarma a tsakar gida, ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ta. Amma ta san halin mutuminta: in ya ga tausayi a fuskarta, zance ya ƙare. Sai ta dire kwandon da ta shigo da shi, ta kama ƙugu.

"An ce yajin cin abinci kake yi. Kai ma ka shiga ƙungiyar ƙwadago ne?"

"Azumi nake yi."

"Azumin kwana uku ba buɗa-baki? Wane malamin ne ya ɗora maka wannan karatu?"

"Ke ina ruwanki? Je ki ji da gwiwarki. An ce in za ki hau danfo sai kwandasta ya nemo ƙarti biyu su tura ki."

"Ni dai da ƙafata na hau. Kai fa? An ce ranar da ka faɗi a kwata sai da aka duba da kyau kafin a gane wanne ne bijimin, wanne ne Alhajin. Saura ƙiris a rataye ka a ƙugiya."

Lami ta toshe baki da gefen zani ta shige madafa da sauri.

"Soja ma sun koma bariki shekara biyu ke nan," in ji Fatu, "kai kaɗai ka rage kana mulkin soja a Agege. To yau an yi juyin mulki."

"Baiwata ce za ta yi mini juyin mulki?"

"Wace ce baiwar? Ubana ne wan uwarka. Ko kajin gidanku sun san wane ne bawa tsakaninmu."

Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta shiga fito da kaya daga kwando ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko kallon inda yake. Alhaji ya kau da kai. Bai yi minti ɗaya ba ya juyo.

"Mene ne wannan a leda?"

"Ba naka ba ne. Ni da Lami za mu ci, kai kana azumi. Garin acha ne."

"Acha! Abincin tsuntsaye."

"Shi ya sa ba ka taɓa ganin tsuntsu ya faɗi a kwata ba. Lami, zo ki tuƙa mana. Ga daddawa, ta Kano ce, jiya aka sauke ta. Ki daka ta da citta da tafarnuwa da garin busasshen kifi. Gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka ya isa. Magi kuwa kada ko sallama ta yi a tukunyar nan."

"Miya ba magi? Wane laifi tukunyar ta yi?"

"Gwaggo da ta haife ka ta yi shekara nawa tana ciyar da kai ba magi? Da daddawar nan ka yi wannan ƙaton kan."

Lami ta kwashi kayan ta koma. Fatu ta buɗe wani kwano, Alhaji ya miƙa wuya.

"Wannan kuma bulo ne kika tsinto a wurin gini a Ilupeju?"

"Kek ne, baƙauye. Alkama ce da dusarta, ba fulawa ba. Dabino na jiƙa na dama a madadin sukari, ayaba nunanniya a madadin bota. A tukunya na gasa shi, a kan yashi."

"Shi ya sa ya ɗauko kamannin yashin."

"Yanka ɗaya siriri ake ci da shayi. Ba irin naka ba, da za ka rungumi burodi guda kamar jariri."

Sai ta kwance ƙullin ƙarshe. Wani abu ne fari, mai kusurwa huɗu, yana ɗan tsatsafar ruwa. Alhaji ya ƙura masa ido.

"Fatu. Wannan fa?"

"Awara."

"A gidana?"

"Tsire zan yi da ita."

"Innalillahi! Waken suya a kan tsinke, a gidan Shitu? Lami, a kira mini liman! In labarin nan ya kai kwata, da wane ido zan dubi mutane?"

"Da wanda ka dube su da shi kana kwance ƙafa a sama."

Shekara ashirin Fatu tana sayar da abinci a bakin layin dogo a Ijora, ba wanda zai koya mata riƙon wuƙa. Amma yau sai ta zaɓi wata dakusasshiya ta yankan albasa, ta hau awarar nan da yankan wulaƙanci: wani kamar sabulu, wani kamar farce. Ta hura gawayi a kurfoti. Ta soka yankan a tsinke a karkace, ta barbaɗa ƙuli a gefe guda, ta ɗora kai tsaye a kan harshen wuta. Tana yi tana 'yar waƙa a maƙoshi, zuciyarta kuwa sai addu'a take yi Allah ya sa tarkon ya kama.

Alhaji ya juya mata baya. Ya gyara hula. Ya yi tari. Ƙaurin ƙuli ya fara tashi.

"Zai ƙone."

"Ba ruwan mai azumi."

"Ba a ɗora tsire wuta tana ci! Sai ta kwanta ta zama garwashi."

"Mu haka muke yi a Ijora."

"Shi ya sa ba wanda ya taɓa hawa mota ya je Ijora cin tsire. Dubi ƙulin, don Allah! Hodar jarirai ce da za ki barbaɗa? Dannawa ake yi, ciki da baya!"

"To sarkin sani. Shekara nawa rabonka da tukuba? Kai yanzu oga ne, sai nuni da sanda. Na tabbata ko tsinke ba ka iya riƙewa."

"Ni?"

"Kai. Hannun ma rawa yake yi."

Mutumin da aka yi kwana uku ana lallashi ya tashi zaune sosai ya ƙi, sai ga shi tsaye. Ya ɗan dafa bango, Fatu ta yi kamar ba ta gani ba. Ya tako ya zauna gaban kurfotin ya naɗe hannun riga.

"Matsa can. Ba ni wuƙar. Kai, ba wannan ba, wannan ko ayaba ba za ta yanka ba. Lami, ɗauko mini tawa!"

Wuƙa na shiga hannunsa rawar ta tsaya. Ya gyara yankan falle-falle, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ya kwantar da su cikin ƙuli yana dannawa da tafin hannu. Ya tara garwashin a tsakiya, ya jingina tsinkayen a gefe yadda zafi zai ratsa su ba tare da wuta ta lashe su ba. Bakinsa dai bai huta ba.

"Kawo mai."

Fatu ta miƙo masa cokali ɗaya na man gyaɗa.

"Wannan ne man? Ko wanke cokalin kika yi?"

"Gwani da cokali ɗaya yake yi. In ba za ka iya ba ka faɗa, a ƙaro maka kwalba kamar sabon shiga."

"Wa ya ce ba zan iya ba?"

Ya raba albasa biyu, ya tsoma rabin a cokalin, ya bi tsinkayen yana shafawa. Man ya zagaye su duka har ya yi saura.

"Gishiri fa?"

"Akwai citta a yajin, da masoro da kanumfari. In ya sauka a matsa lemon tsami."

"Allah ya isa tsakanina da likitan nan."

Ƙamshi ya cika gidan har maƙwabciyarsu Bayerabiya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko Alhaji ya warke ne. Shi kuwa ya ɗaga tsinke ɗaya, ya juya shi, ya matsa lemo. Duk wanda ya taɓa zama bakin tukuba ya san abin da ke biyo baya: hannun mai tsire ne ke kai yankan farko baki tun kafin ya yi shawara da kansa. Sai da ya tauna sau uku sannan ya tuna da azuminsa. Lami na tsaye bakin madafa da muciya a hannu tana kallo.

"Yaya?" in ji Fatu.

"Ba nama ba ne."

"Na ce maka nama ne?"

"Hannuna ne ya cece ta. Da a hannunki ta ƙare, ko karen Ijora sai ya yi tunani."

"To ajiye, ka ɗanɗana. Wannan na biyun na Lami ne."

"Dubawa nake ko ya gasu."

"Na ukun fa?"

"Shi ma ban yarda da shi ba."

Lami ta lallaɓo ta ajiye tuwon acha da miya kusa da gwiwarsa, ta koma da baya kamar mai tsoron tada barci. Alhaji ya harari kwanon, ya ce bari ya ji irin ɓarnar da aka yi wa daddawar mutane. Ya kai loma. Ya ce miyar ba laifi, amma ba don an iya ba, sa'a ce. Ya kai ta biyu. Da kwanon ya yi rabi Lami ta ajiye ƙwayar maganin da kofin ruwa, ya haɗiye yana ci gaba da zagin acha, kamar ba shi ya sha ba.

Can ya ɗago ya dubi Fatu.

"Wai ke me ya dame ki da cikina? Kin rufe rumfarki, kin ratso go-sulo tun daga Ijora da wannan gwiwar, don ki ga na ci waken suya?"

Fatu ta ajiye wasa gefe. Wanta Audu ne ya faɗo mata a rai, wanda suka shigo Legas tare da Shitu a jirgin shanu suna samari.

"Shekara huɗu ina juya Yaya Audu a kan katifa, Shitu. Ni ke ba shi koko a cokali, yana kallona, bakinsa ya kasa kiran sunana. Shi ma da jiri ya fara, shi ma ya ce ba wanda ya isa ya hana shi abin da yake so. Ba zan iya na biyu ba, wallahi. In ka kwanta, wa ya rage mini da zan zaga a garin nan?"

Alhaji ya ture kwanon gefe. Sannan ya wanke hannu, ya miƙe ya shiga ɗaki. Fatu ta ji tsoro ko ta ɓata aikin da bakinta. Suka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ya fito da wani babban gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da leda, ya dire gabanta, ya kwance. Kakide ne cike fal, narkakken kitsen sa, ya daskare fari sol.

Lami ta saki salati.

"Shekaranjiya wani abokina ya shigo mini da shi cikin babbar riga," in ji Alhaji. "Tun ranar ina kallonsa yana kallona. Yau bayan la'asar na yi niyyar in aika a sayo burodi mai zafi, in yi abin da zan yi, kome zai faru ya faru."

Ya tura gwangwanin da ƙafa zuwa gabanta, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ungo tukwicinki, kin ci wannan karon. Amma ba don ki ci na ba ki ba. Ki riƙa shafa wa kaushin nan naki safe da yamma, ko ya daina yaga wa mutane tabarma."

Fatu ta fashe da dariya har hawaye ya zubo mata, ba kuma duka ne na dariyar ba. Ta ɗaure bakin gwangwanin tamau, ta cusa shi can ƙasan kwando, ta ɗora ƙafar mai kaushin a kai.