Cibiyar Duniya Tana Bauranya

"Gajiya ta bi lafiya, sai wadda ka kawo mani yanzu," in ji tsohuwa Tani, tana hararar jakin da aka ɗaure mata a bakin danga.

Tani ungozoma ce. Duk ƙauyen Bauranya, mai gemu da marar gemu, da wuya ka nuna wanda bai bi ta hannunta ba. Mai gaisuwar kuwa jikanta ne Labaran, tela a Kankiya, can bakin hanyar da motocin gyaɗar Turawa suke bi. Ta san abin da ya kawo shi sarai: matarsa Luba ta shiga watanta, haihuwar fari, ga ta marainiya, ba uwa ba gwaggo. Ta kuma san abin da shi bai sani ba. Tun damina hannunta ya fara rawa, ko zare ba ta iya zura wa allura. Tun da ta ji sallamarsa ta cusa hannuwan cikin zane.

"Uwargida, tashi ki haɗa tsummokaranki," in ji Labaran. "Maigida ya zo ɗaukar kayanshi."

"Maigidan da ko kallabi bai taɓa ɗinka mani ba? Ba inda za ni. Kai ba ka san a kan mi ni ke zaune ba? Nan ce cibiyar duniya. In na ɗaga ta karkace, ku zube kamar gero a faifai."

"Bauranya? Garin da mai tallan gishiri ma sai ya yi ɓatan kai ya ke zuwa?"

"Ɗaga kan nan naka mai kama da tulu ka duba. Sama ba kife ta ke kamar ƙwarya ba? Dubi gabas, dubi yamma. Ta ina ta fi sauka? Daidai wa daida. To wa ke tsakiya?"

"A Kankiya ma haka ta ke."

"Kwaikwayo ne. Mi 'yan bakin hanya ba su kwaikwaya?"

"To ai liman ya ce Ka'aba ce cibiyar duniya."

Nan fa tsohuwa ta ɗan gyara zama, don ba ta wasa da wannan.

"Ba ni ja da ita. Ita ce babba, ita ce hakimi. Ni dagaci ce, ƙaramar aka ba ni riƙo."

"Ranki ya daɗe, dagaci mai haƙori biyu! To malamin elementare ya ce Turawa sun auna. Duniya dunƙule ta ke kamar goruba, rana ce a tsakiya, mu ke kewaya ta."

"Wato rana turke, mu akuya?"

"Haka ya ce."

"Kai, madalla! Shi ya sa in na miƙe tsaye ni ke ganin jiri. Ni ina ta zargin tsufa, ashe Nasara ne ke juya ni. Ba su bar mu da haraji ba, har da hajijiya. Amma ba laifinshi ba ne. Mutumin da rana ke gasawa ya yi ja kamar gauta, dole ya naɗa ta sarauta."

"Ke dai ki ce ba ki sani ba. Iyakarki kasuwar Kusada, ita ma sai kin huta a gindin kowace kuka."

"Ni da na yanke cibiyar gari guda, na binne mabiyarsu da hannuna, ni za a koya wa inda cibiya ta ke? Ka fi ni karatun goruba, amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi."

Sai Labaran ya yaye taguwarsa. Ga cibi nan tulele, ya kai ƙwan zabo.

"Ga aikinki nan, gwana. In haka kika yanke ta duniya, ai mun shiga uku."

"Butulu! Dubawa na yi na ga ba abin da za ka gada, gona babu, kyau babu, na ce bari in bar ma yaron nan guzuri."

Dariya ta ci ƙarfinta har da ƙwalla. Shi kuma ya zaro goro fari daga aljihu ya miƙa mata. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ta manta, ta fiddo hannu. Goron ya yi rawa a tafinta, ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin turmi. Labaran ya dubi goro, ya dubi hannu. Kunya ta kama Tani irin wadda rabonta da ita tun tana amarya.

"Ka gani ko?" ta ce. "Malaminku ya yi gaskiya. Duniyar ce ke juyi."

Bai yi dariya ba. Ita ma sai ta sauke murya.

"Labaran, hannun nan ya gama da aska. Tsoro ni ke ji. Ɗiyar mutane, marainiyar Allah, in je in yi mata ɓarna?"

"Kaka, ni ma tsoron ne ya hana ni barci." Ya durƙusa ya ɗauko goron, ya goge, ya ɓare, ya sa mata a tafi ya naɗe yatsunta a kai. "Hannu akwai a Kankiya. Hawwa'u matar maƙwabcina hannunta kamar na maƙeri, sai dai ba ta san inda za ta aza shi ba. Mai faɗa mata muka rasa. Luba kuma ba aska ta aiko ni ɗauka ba. Cewa ta yi ko zagi ne ki zo ki yi mata, ta ji muryar uwa a kanta."

Tani ta shiga tauna goro da haƙoranta biyu.

"Bakin naki kuwa," in ji Labaran, "ban ga alamar ya fara rawa ba."

"Ɗan nema! Allah ya ba ka mai irin cibinka."

Ta dafa turmi ta miƙe, ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da ƙunshin zane da askar a naɗe cikin tsumma. Ta danƙa masa askar.

"Ungo, ka kai ma Hawwa'un. Tata ce, in ta iya jure bakina."

"To duniyar fa, dagaci? In ta karkace?"

"Wawa. Inda za a binne sabuwar mabiya, can cibiya ta ke komawa. Ɗora ni, ka riƙe ni da kyau."

Suka kama hanya, shi yana jan jaki, ita tana tsine wa duwawun jakin da mai aronsa. Da suka bar gonakin Bauranya a baya, sai ta ɗaga kai, ta dubi gabas, ta dubi yamma. Aka ƙara tafiya ta sake dubawa.

"Labaran, tsaya. Ka ga abin nan?"

"Mi kuma?"

"Daidai wa daida har yanzu. Ashe ba Bauranya ba ce. Ni cibiyar ta ke bi."

Labaran ya riƙe ciki, cibin na rawa a ƙarƙashin taguwa.

"Na sallama, uwargida. Ki dai zauna daidai, kada ki zubar da mu kafin mu kai."