Ranar da Rundunata Ta Faɗi a Ƙarƙashin Tebur

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikin kammala digirina a jami'a nan Wudil ba. Ni da ko ƙofar bariki ban taɓa leƙawa ba, ni ne na zaɓi bincike kan yadda sojoji za su tafiyar da sadarwarsu cikin tsaro ba tare da dogaro da cibiya ɗaya ba. In na faɗi sai maimaita shekara, ga shi Inna ta riga ta baza wa dangi a Darki cewa na gama.

Na jera kwamfutocin tebur guda biyar, kowacce a matsayin sansani. Kowacce na riƙe da ɓangare ɗaya na mabuɗin sirri, babu wadda ta san duka. In ɗaya ta mutu, sauran su naɗa shugaba su ci gaba. (Har suna na raɗa musu. Ta tsakiya ce Janar.)

Mai jarrabawar da aka gayyato wani dattijo ne siriri, tsohon soja daga sashen sadarwa. Tun da ya zauna yake ƙare wa kwamfutocin kallo, ni kuwa na ɗauka burge shi na yi. Na kashe Janar da hannuna, saƙo ya zagaya ya isa. Na kashe ta biyu, ya isa. Nan kaina ya kumbura, na ce ko shekara abokan gaba za su yi ba su iya durƙusar da wannan tsari.

Dattijon ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Sai ƙas! Sauran ukun suka ɗauke lokaci ɗaya. Duk rundunar tawa a soket ɗaya na jona ta, wanda muke dafa ruwan shayi da shi a ɗaki.

"Ɗana," in ji shi, riƙe da fulogin, "abokan gaba sun iso. Kira mana mutanenka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Malamin da ya duba aikina ya sunkuyar da kai yana ta nazarin bironsa.

Amma tsohon bai yi dariya ba. Ya zauna ya ba mu labarin daji, inda kowane sansani ke da batirinsa, da hanyarsa, da mabuɗin da ake sauyawa kafin wani ya gano shi. Ya ce akwai ranar da hedikwata ta yi tsit alhali abokan gaba sun kewaye shi da mutanensa, sai ga murya ta ɓullo ta wani ƙaramin sansani bayan duwatsu ta nuna musu mafita. A hankali yake magana. Abin da nake wasa da shi don maki, wasu da shi suka koma ga 'ya'yansu.

Ya ba ni zuwa la'asar in gyara. Na bi ofis-ofis ina aron batir, gumi har cikin takalmi. Da ya dawo ya sake zare fulogin, fitilun kwamfutocin suka ci gaba da ƙiftawa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, na haye da kyar.

Yanzu ni ma ɗalibai nake jarrabawa. Duk wanda ya fara cika baki, nakan bar shi ya gama tsaf, sannan in tattare riga in durƙusa.