Bashmuhandis Bahgat da Muryar Marigayi

Allah ya yi wa unguwarmu ta Muharram Bek a Iskandariyya gata da ya ba mu Bashmuhandis Bahgat. Shekara biyu ya yi a Kuwait yana goge ƙurar talabijin a shagon wani, ya dawo da tabarau, da tumbi, da laƙabin Bashmuhandis, wato babban injiniya. Mu dai Likitan Allo muke ce masa idan ya ba da baya.

Ranar arba'in ɗin yayansa Sabri, bayan la'asar, matar marigayin, Hajiya Insaf, ta fito da filashi mai ɗauke da bidiyo ɗaya tilo da mijinta yake ciki. Ba ta taɓa samun ƙarfin zuciyar kallonsa ba. Burinta kawai ta sake jin muryarsa. Aka kunna kwamfuta, ga Sabri zaune a bakin teku, baki na motsi, amma shiru kake ji.

Likita ya miƙe ya naɗe hannun riga.

"Kowa ya matsa! Hajiya, wannan ciwo ne na manhaja. A Kuwait irinsa goma nake warkarwa kafin in karya."

Ya goge manhajar, ya sauko da wata. Shiru. Ya sauko da ta uku, sai ga marigayi ya koma kore shar, kansa a ƙasa. Hajiya ta dafe ƙirji.

"Alamar sauƙi ce," in ji Likita.

Ya zagi 'yan China, ya zagi iskar Iskandariyya mai sa tsatsa. Ya zare filashin, ya hura masa iska, ya shafa masa turare. Masu ta'aziyya sun shanye gahawarsu marar sukari har zagaye uku. Wallahi ni tausayin matar nan ya hana ni dariya.

"Saura magani ɗaya," ya ce yana share gumi. "A wanke filashin tas, a fara daga farko."

"Bashmuhandis, in an wanke, Sabri fa?"

"Hajiya, ki bar ilimi ga masu shi."

Hajiya ta miƙe. Ta duƙa bayan tebur, ta zare wayar butar lantarkin da ta jona da safe don ruwan gahawar baƙi, ta mayar da ta sifika.

"Kun gani? Sai yanzu gyarana ya kama!" in ji Likita.

Murya ta cika falon, amma ba ta Sabri ba ce. Ashe Likita ne ya ɗauki bidiyon. Minti shida cur yana koya wa yayansa yadda ake zama gaban kyamara a Kuwait. Duk sanda Sabri ya buɗe baki, sai ƙanin ya danne shi. Dab da ƙarshe marigayin ya kalli kyamara, a gajiye, ya faɗi kalmominsa kaɗai da aka ji:

"Bahgat, don girman Allah ka yi mana shiru."

Hajiya Insaf ta share hawaye da bakin mayafinta.

"Shi ne, wallahi shi ne. Bashmuhandis, maimaita mana wurin nan."