Tsohuwar da Ta Tare Min Gidan Katako

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai iya kwashe wata Asabar ta watan Yuli a Takoma Park, can Amurka. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, muna zaune a Woodbridge ni da maigidana. Rayuwa ta koma daga gida sai cunkoson titi sai aiki, shi ne na shiga ajin koyon ɗaukar hoto na ƙarshen mako. Na sayi kyamara mai dogon baki, na rataya a wuya, na fara yi wa masu ɗauka da waya kallon tausayi. (Satina uku kacal a ajin, ku lura.) Aikin ƙarshe da malamarmu ta ba mu shi ne kowa ya ɗauko tsohon gidan katako, wanda ya fi kyau a rataye shi a bakin zauren da za a baje hotunan. Ni kuwa tun kafin in ɗauki ko taga na gama shelanta wa dangi cewa nawa za a rataye.

Zafin can ba irin na Kano ba ne. Na Kano gasa mutum yake, wannan kuwa turara shi yake kamar dambu. Na yi ta yawo layi-layi, mayafina ya jiƙe sharkaf, sai ga gidan da nake nema: hawa biyu, shuɗin fenti ya soma kwailewa, an yi wa katakon barandar ado kamar aikin wuyan babbar riga.

Matsalar ɗaya ce. Wata tsohuwar Baturiya na zaune a kujera mai lilo a tsakiyar barandar, daidai inda nake son ƙofa ta fito. Na tsaya a bakin shinge, taku kaɗan tsakaninmu, na ɗaga mata hannu, na nuna kyamara. Ta gyaɗa kai tana murmushi, amma ko motsi. Na jira. Na sake jira.

Ana haka Anti Rabi ta kira, matar yayan maigidana da ke Manassas. Hannuna na kan kyamara, sai na sa wayar a lasifika.

"Ke, kin samo gidan kuwa?"

"Na samu, Anti, amma wata tsohuwa ta kafe a gabansa kamar ƙusa. Ban san wanda ya girmi wani ba tsakaninta da gidan."

Anti ta fashe da dariya, ni kuwa abin nema ya samu. Na ce gara in ta shigo layin nan sai ta yi walima. Na ce kujerar da mai ita duk ƙara ɗaya suke yi. Duk wannan fa ina kallon matar ido cikin ido, ina washe mata haƙora kamar 'yar kirki. (Kun san wannan murmushin. Kar wanda ya ce bai taɓa yi ba.)

Sai tsohuwar ta gyara tabarau, ta ce, "Ɗiyata, ina wuni? Ƙusa za ta tashi, yi haƙuri. Gwiwa ce ba ta lahiya."

Hausa tsantsa, irin ta mutanen Nijar.

Daga cikin waya na ji Anti Rabi ta ce, "Innalillahi! Ke, ba ki san ni ba," ta kashe.

Ban san lokacin da na zube a kan siminti mai zafi ba, bakin kyamarar ya bugi shinge. Na ce, "Mama, don Allah ki yafe min, wallahi ba da ke nake ba."

"To da wa kike? Mu biyu ne a layin, sai mage."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in shigo daga rana kafin in narke. Na hau barandar kamar wadda za a yanke wa hukunci. Ta ba ni ruwan sanyi, ta ce shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin ungozoma a wani ƙauye kusa da Maraɗi, can aka sa mata suna Ladi. "Matan can sun zage ni da abin da ya fi wannan," in ji ta, "kuma ina cikin karɓar haihuwarsu."

Kakanta ne ya gina gidan, kafinta ne. Ta zaga da ni, ta nuna min inda hannunsa ya goce a adon matakala ya bar shi haka. Ta ce in jira bayan la'asar, in tsaya ta gefen bishiya, a nan hasken ke shiga barandar. Da lokacin ya yi ta yunƙura za ta ba ni wuri, ni da kaina na roƙe ta ta zauna. Na durƙusa, na ɗauka: shuɗin katako ya koma kamar an shafa masa zuma, ga Mama Ladi a tsakiya tana danne dariya.

Shi aka zaɓa! Cikin mu duka, nawa aka rataye a bakin zaure, malamarmu tana cewa sauran sun ɗauko katako, ni na ɗauko gida. Mama Ladi ta zo da sandarta, ta tsaya ƙarƙashin hoton tana gaisawa da dangina ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kan Anti Rabi, ta riƙe hannunta ta ce, "Wannan muryar na san ta." Anti ta kusa shigewa bayan labule.

Ban ce na daina gulma ba, kar in yi muku ƙarya. Amma yanzu ko a tsakiyar Amurka nake, ko idon mutum shuɗi ne kamar bula, sai na fara ce masa "Ina wuni?" In ya yi zuru, to bismillah.