Tayoyin Ƙanƙara a Hanyar Madekali

Ba zan taɓa mantawa da daminar da kogi ya cika ya haura gonakin shinkafa ba, wadda mutane suka riƙa kama tarwaɗa a inda suka yi dashe. Wasu da ruwan suke tuna shekarar. Ni kuwa a cikinta na fara rubuta sunana da hannuna, kuma a cikinta na yi abin kunyar da har yau in na tuna shi a kan sallaya sai na rasa raka'a nawa na yi.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina jan akori-kura tsakanin Malanbil da ƙauyuka, ina ɗaukar albasa da shinkafa. Babu ramin da ban sani ba a hanyoyin nan. Faransancin baka ina da shi, irin wanda ake gaisawa da jandarma da 'yan duwan, wato kwastan, amma a takarda ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar, wajen wani malami Mushe Idi. Ni mutum ne mai haƙuri (matata ma cewa take haƙurin ya yi yawa, har haushi yake ba ta). Na yi ta fama, sai ga ni ina karanta duk abin da ya gitta gabana: buhun siminti, gwangwanin tumatir, bayan rigar 'yan kabu-kabu masu haya da babur. Daga nan ne kaina ya fara kumbura.

A daminar nan yayana Alhaji Bawa, ɗan kasuwar shinkafa, ya tafi Kotonu sayen kamyo, babbar motar kaya, ya dawo da wata jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere da ake saukowa daga jirgin ruwa. Kafin ka shige ta sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai. In aka tashe ta, awakin unguwa sai su tsinke igiya. Alhaji da tumbinsa sau ɗaya ya shiga, sai da mutum biyu suka zaro shi. Ya sa aka lulluɓe ta da tampol.

To, ga auren Nasiru, ɗansa na fari, ya taso. A wajenmu uba ba ya karɓa wa ɗan fari aure, ko sunansa ba ya kamawa, saboda haka ni ne waliyyi. Yarinyar tana wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye gaba da Madekali, baffanta Malam Hamidu ne zai ba da ita. Mutum ne mai tsauri, kuma yana da dalili, don an taɓa sa rana muka makara, ya sallami jama'a ya ce mutanen gari raina su suke yi. A wannan karon ya aiko da saƙo: ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. In ta wuce, kowa ya koma gonarsa, magana sai bayan kaka, in ma akwai sauran magana. Nasiru har ya rame don fargaba.

Alhaji ya kira ni ya ce, “Ka tahi da jar motar ga, su san ba gidan ƙananan mutane ɗiyarsu za ta shiga ba. Sai dai tayoyinta sun sule kamar tafin hannu. Ka nemo mata wasu.”

Da a bara ne, da sai in dubi motar, in dubi sama, in ce a kira kabu-kabu. Amma a cikin ɗan akwatin gaban motar na tarar da littafinta, mai kauri, da Faransanci. Littafin farko ke nan da na riƙe wanda ba na aji ba. Kwana uku ina bin sa da ɗan yatsa, har na iso wajen taya. Littafin ya ce a lokacin sanyi da ruwa, mota mai ƙarfi irin wannan tana bukatar taya ta musamman, mai hoton dutse da wani abu kamar fure a ciki. Na ɗaga kai na dubi waje. Ruwa ake yi tun asuba, ina sanye da rigar sanyi biyu. Na ce to ai mu ake nufi.

Akwai wata lamba bakwai da ɗan zobe a kanta da ban gane ba, na kai wa Mushe Idi. Ya ce, “Baba, ma'aunin sanyi ne. Sanyin da suke nufi, ruwa ne ke daskarewa a kan hanya. Malanbil ba ta taɓa ganin irinsa ba.”

Na ce, “Mushe, kai dai ba ka taɓa yin alwala a bakin kogi cikin watan Agusta ba.”

Ya yi dariya ya bar ni. (Allah ya saka masa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.)

Na nufi rumfar Illo mai faci. Illo taubashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara ba ma rabuwa ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya ba. Yana da tulin tayoyin gwanjo a bayan rumfa. Na tuɓe riga na shiga juya su ɗaya bayan ɗaya, ina karanta gefensu da ƙarfi don masu jira su ji. Can ƙasan tulin na ga hoton dutsen nan, guda huɗu cif, girmansu daidai da na littafi. Ban da hoton ma, jikinsu duk ƙananan ƙusoshi ne a jere.

Illo ya ce, “Bawana, mi za ka yi da waɗanga? Shekara biyu suna nan. Kowa ya gani sai ya ce sun taka ƙusa ɗari. Masu jirgin ruwa nike jira su ɗaure a gefen jirgi.”

Na ce, “Jahilci ne ya hana ku ganin darajarsu. Tayar sanyi ce da ruwa. Littafi ya faɗa.”

“Littafin ya san hanyar Madekali?”

“Ɗaura mini kawai.”

Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya zura hannu tsakanin cikinta da ƙasa, da ƙyar tafinsa ya shiga a tsaye. Ya ce, “Ko tayar jirgin sama ka sa mata, wagga da ciki take tahiya kamar ƙadangare. Ka hau kabu-kabu kamar kowa.” Na ce hassada ce. Shi kuwa da murna ya ɗaura su.

Ranar Asabar sauran 'yan rakiya, har da Illo, suka hau babura tun ƙarfe takwas. Ni na ce su yi gaba, zan wuce su a hanya. Na sa farar babbar riga, na ɗora kwandon goro a kujerar gefe na ɗaure shi kamar fasinja, littafi a aljihu. A kan kwalta ƙusoshin nan suka dinga ƙara kamar ana soya gyaɗa cikin yashi. Mutane na juyowa suna kallo, ni ina ɗaga musu hannu.

Har Madekali na lallaɓa, cikin motar na gurzar ƙasa jefi-jefi, ina yi kamar ban ji ba. Daga nan hanya ta zama ta amalanke: rami hagu, rami dama, tudu a tsakiya. Na san kwarin nan da ke gab da tungar, na wuce shi ya fi sau ɗari. Da akori-kura ce da na san ta inda zan bi. Amma na ce a raina ai yau da tayar littafi nake. Na shiga kai tsaye. Sai na ji wani gurrr a ƙarƙashina, mota ta hau tudun tsakiya ta zauna daram. Na taka, injin ya yi ruri, ba ta motsa ba. Na buɗe ƙofa na leƙa. Tayoyin da na kwashe kwana uku ina karatu a kansu suna ta juyi a iska, ko ƙasa ba su taɓa ba.

Ƙarfe goma saura kwata. Ina hango rumfar ɗaurin auren da fararen riguna a ƙarƙashinta.

Rurin injin ne ya tono ni. Jama'a suka taso gaba ɗaya, Malam Hamidu a gaba, liman na biye da shi, tsoho mai farin rawani da tabarau. Mutanen kirki ne. Suka naɗe hannayen riga suka jeru a bayan mota. Illo ya ce wasu su danna bayan don taya ta samu ƙasa, wasu su tura. Malam Hamidu da kansa ya dafa, liman ma ya ce ba za a bar shi a baya wajen lada ba.

Illo ya yi kira, “Bawana, a hankali! Kaɗan za ka taka!”

Akori-kurata in ka taka ta, sai ta yi shawara tukuna kafin ta amsa. Shekara ashirin ƙafata ta saba da haka. Na taka yadda na saba.

Daidai lokacin tayoyin suka samu ƙasa. Ƙusoshin nan suka yi aikinsu, wallahi ba su yi ha'inci ba. Suka kwashi taɓon kwarin da kashin shanun da ke ciki suka watsa baya kamar injin ban ruwa. Mota ta zabura taki ɗaya ta sake zama. Na kashe ta. 

Na fito da rarrafe na juya. Mutum kusan goma sha biyar a tsaye, duk launinsu ɗaya. Liman na neman tabaransa a fuskarsa. Malam Hamidu idanu kawai ake gani, da su na gane shi. Ya tofar da abin da ke bakinsa ya ce, “Wanga shi ne waliyyin ango?”

Nan ya kamata in durƙusa in ba da haƙuri. Maimakon haka (ban san wane shaiɗan ya hau ni ba) sai na zaro littafin daga aljihu, na buɗe shafin, na ce, “Malam, ai tayar sanyi ce. Ga shi nan a rubuce.”

Illo ya share taɓo daga gemunsa ya ce, “To karanta mata, bawana. Wataƙila ita ba ta kai shafin ba.”

Wani ya fashe da dariya a baya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Malam Hamidu bai yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce goma ta yi, kowa ya kama gabansa. Fuskar Nasiru kawai nake gani, da yadda zan shiga gidan Alhaji da kwandon goro a ɗaure yadda na fito da shi.

Liman ne ya cece ni, kuma ba don Allah ya sa masa ƙaunata ba. Ya ce, “Hamidu, ni dai ba ni sake wanka da naɗa rawani karo na uku saboda auren ga. Ga waliyyi, ga shaidu, ga goro. In bayan kaka ne, sai ku nemi wani liman. Kuma ka tuna, wanga bawan Allah zai sake dawowa ke nan, ba mu san da mi zai zo ba.”

Wannan ta ƙarshen ce ta shiga kunnen Malam Hamidu. Ya ce a ɗaura, amma da sharaɗi: motar ba za ta shiga tungarsa ba, kuma goron ni zan ɗauke shi a ka har rumfa. Haka na yi, ina tafe ina zamewa, mata na leƙe ta kan danga. A tsakiyar hanya na faɗi, rabin goron ya bi ruwa. Aka ɗaura aure, kowa na shafa fatiha yana ƙara shafa taɓo a fuska.

Motar kuwa, shanun noma biyu na wani makiyayi ne suka jawo ta da baya, ta bar wasu sassanta a kwarin.

Aji ban daina zuwa ba, yanzu ma har wasiƙa nake rubutawa. Abin da na koya dai shi ne, in littafi ya ce ana sanyi, in fara tambaya a wane gari marubucin yake zaune. In kuma taubashi ya ba ni shawara, in saurara, ko da zagi ya haɗa ta.

Abin da aka rasa a ranar: bututun hayaƙi ɗaya, ƙarfen gaban mota, rabin kwandon goro, takalmina na hagu, tabaran liman, da fararen riguna goma sha biyar da ba su sake komawa fari ba. Kuma tun daga ranar, aure huɗu aka yi a gidanmu, ba a sake tura ni karɓar ko ɗaya ba.