Aman Wuta a Falona

"Zamanin malami ya wuce!" in ji yayan mijina, wanda muke kira Farfesan Waya. "Darasin duniya kaf yana intanet, kyauta. Malamai su koma noma."

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma fargabata ta yi digiri. Washegari 'yata Auta za ta gwada dutse mai aman wuta a aji, kuma da shi za a ba ta makin kimiyya. In ta faɗi, maimaita aji. Shi kuwa ya dage sai ya haɗa mata shi yanzu a falona.

"Yaya, malamarsu ta ce a jira ta nuna musu."

"Wace malama? Shafin da take ɗauko darasin, ni ma ga shi a hannuna!"

Ya buɗe. Akwai wani sashe wai shi bayani ga malami. Gogan naku ya shure shi da ɗan yatsa.

"Baffa, ba ka karanta nan ba," in ji Auta.

"Na masu ƙaramin kai ne. Riƙe waya, ki haska ni kai tsaye a shafin, malaman duniya su ƙaru."

Ya sa na kwaso garin soda, ruwan khal da jar kala, har na maƙwabta. Ya juye duka a tulun roba, tsakiyar kafet ɗina.

"Yaya, anya bai yi yawa ba?"

"Ilimi ba ya yawa."

Tulun ya yi shiru. Sarkin sani ya leƙa ciki, ya jijjiga.

Fuuu! Jan kumfa ya ɗauke hularsa, ya gai da silin, fanka ta raba wa labule da kujeru. Ya juya zai gudu, santsi ya zaunar da shi daɓas, gemu jawur kamar zakara.

Ashe abin da ya tsallake cewa ya yi: wannan awon na aji guda ne, malami ya raba cokali-cokali, kuma a waje.

Da safe malama ta raba, Auta ta ci makinta, na samu numfashi.

Bidiyon kuwa, tunda kyauta ya saka, malamai suka ɗauka suka liƙa a farkon darasin. Jiya ya zo, ko kunya babu.

"Kin gani? Yanzu ina cikin manhaja!"

"Gaskiya ne, Baffa," in ji Auta. "Kai ne babin 'Yara, kada ku yi haka.'"