Furannin Baba a Kan Juji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta sa ni a gaba har juji ba, matan zumuntar cocinmu kusan ashirin na biye da mu, ni kuwa ina cikin sabon anko da ɗaurin ɗankwali wanda ya fi ƙarfin kaina.

Ni malamar aikin gona ce a wata sakandare a Kafanchan. (Ku riƙe wannan, don shi ne ya kai ni ya baro.) Gidan iyayen mijina, Ayuba, yana gindin dutsen Kagoro. A gefen gidan akwai wani ɗan fili da marigayi Baba, mahaifinsa, ya kewaye da duwatsu. Shekara da shekaru, duk sa'ad da ya hau dutse sai ya sauko da wani abu a aljihu ya binne a wurin. Akwai albasar kwaɗi mai jan fure dunƙulalle kamar ƙwallo, akwai takalmin zomo mai ruwan ɗorawa da ke fitowa dab da ƙasa, da wasu farare ƙanana da ba wanda ya san sunansu. Ruwan farko na sauka sai su fito, in rani ya zo su kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Wannan duk daga baya na gane. A lokacin labarinsu kawai nake ji, domin a Zariya muke aiki, Kirsimeti kaɗai ke kawo mu gida, kuma ban taɓa ganin komai a filin ba sai tulin busasshen ganye.

Bayan rasuwar Baba, a ƙarshen shekarar, muka dawo gida kusa da Mama. A watan Janairu ƙanwar Ayuba ta haihu a Jos, Mama ta shirya tafiya wankan jego, aka tsayar za ta dawo ranar addu'ar cikar Baba shekara ɗaya, bayan Ista. Har ta shiga mota ta leƙo ta kira ni.

"Amarya," (shekarata goma sha biyu da aure, har yau amarya nake) "wurin Baba ɗin nan, kar ki share, kar ki ba shi ruwa. Ki bar shi haka."

Na ce, "To, Mama."

A raina na ce tsohuwa ce ba ta son ta wahalar da ni. Na dubi filin: ganye ya taru, duwatsu sun karkace, wuri ne na macizai kawai. Na yanke cewa tun rasuwar Baba furannin sun bi shi, kuma baƙi ba za su zo addu'a su tarar da wannan ƙazanta a gidan da malamar aikin gona take ba.

Ran wata Asabar na ɗauko fartanya. Ayuba ya tsaya a kaina ya ce, "Mama fa ta ce a bar wurin."

Na ce, "Kai ka karanta aikin gona ko ni?"

Ya ɗauki rediyonsa ya koma inuwa. (Har yau in mun yi gardama, wannan tambayar yake mayar mini.)

Na tone filin tas. Na tarar da wasu yamutsattsun albasu, da wasu saiwoyi kamar citta da ta kwana biyu a rana. Mu da muke ƙasar citta, ai na san matacciyar saiwa in na gani, ko haka na ce wa kaina. Na kwashe su a daro na zubar a tsohon jujin da ke bayan ɗakin aladu, a gindin mangwaro, na bi su da ganyen da ƙasar da na share. Na sayo furanni na cikin leda a bakin titi, na ja igiya, na dasa su layi-layi, na shafe duwatsun Baba da farar ƙasa. Safe da yamma ina jan ruwa a rijiya cikin zafin Maris. Jujin nan kuwa ban sake leƙa shi ba.

Ruwan farko ya sauka saura kwana goma addu'a. Ranar addu'ar, tun da safe matan zumunta suka cika gida, ana tuƙa tuwon acca, ana yanka alayyafo. Motar Jos na tsayawa, ban ko bari Mama ta sha ruwa ba. Na kama hannunta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mama, zo ki ga abin da na yi wa Baba."

Matan suka bar tukwane suka biyo mu. Na tsaya na fara bayani kamar ina gaban allo: tazarar shuka, irin takin da na zuba, sunan kowane fure da Turanci. Ban lura cewa babu wanda ke gyaɗa kai ba. Mama ta daɗe tana kallon layukana, sannan ta yi tambaya a hankali.

"Ina na Baba?"

"Ai sun mutu, Mama. Na cire su."

Mama Kande, shugabar zumunta, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce, "Malama, haka kuna koya ma yaranmu a makaranta? Abin nan barci suke yi fa."

A nan ne na gane abin da na yi. Abu ɗaya da ya rage wa matar nan daga hannun mijinta, ni na tone shi da fartanya, har ina neman a tafa mini.

Mama ta ce, "Kin ƙone su?"

"A'a. Na zubar a juji."

"Mu je."

Haka muka jera, ni a gaba, ina roƙon Ubangiji ƙasa ta buɗe. Muna zagaya ɗakin aladu na tsaya cak. Jajayen ƙwallaye ne a tsaye kan juji, sun fi goma, tsakanin fasasshen bokiti da ɓawon ƙwai. A ƙasa kuma takalmin zomo ya buɗe rawaya ta ko'ina. Ganyen da na zuba musu don wulaƙanci shi ya rufe su daga rana.

Mama ta durƙusa da zaninta mai kyau, ta taɓa guda ɗaya, hawaye na zuba. Ta ce, "Irin wurin nan yake samo su a dutse. Inuwa, da ganye wanda ya ruɓe." Sai ta miƙe ta juya ga matan. "Kun gani? Amaryata ta san abin da suna so. Ta mayar da su gida."

Kowa ya san rufa mini asiri ta yi. Mama Kande ta buɗe baki, Mama ta kalle ta, ta rufe. Ban taɓa jin kunya da godiya sun haɗu mini a ƙirji kamar ranar ba.

A gaban jujin nan Mama ta sa Fasto ya yi addu'a, a wurin aka ɗauki hoton iyali. Yana rataye a falo har gobe: ga ni a tsakiya ido ya kumbura, ga bokiti, ga hancin alade ta ramin katanga.

Fararen nan ƙanana dai ba su fito ba, kuma su Baba ya fi so. Na ga Mama tana ɗaga ganye da sanda tana dubawa. Da baƙi suka watse na je na durƙusa na roƙi gafara. Ta ce, "Tashi. Daga yau ke za ki riƙa kula da su, tunda kin riga kin san yadda ake kashe su."

Ni nake kula da su har yanzu, wato ni nake tara musu ganye in tafi in ba su wuri. Duk Afrilu Ayuba yana raka ni dutse neman fararen, ba mu same su ba tukuna. Abin da na koya kuwa ba ya cikin takardar shaidata: in tsohuwa ta ce kar ki yi komai, to aiki ta ba ki, kuma ya fi jan ruwa a rijiya wuya.